Intel ko AMD: Wanne Ya Dace da Kwamfutocin Ofis?

Masu sayen kwamfutocin ofis ba sa gajiya da wannan tambayar. A aikin rubutu da lissafi, firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5 na Intel da Ryzen 5 na AMD ba su da wani bambancin a zo a gani.

Wajen tsaro, kowa da tabonsa. Kafar kutse ta Meltdown ta 2018 ta fi taɓa Intel, Spectre ta haɗa duka, sai Zenbleed ta kama AMD a 2023. Maganinsu sabunta BIOS (tsarin da ke tayar da kwamfuta) da manhaja, abin da ofisoshi suka fi sakaci da shi.

A yi hattara da firosesan Intel na kwamfutar tebur zubi na 13 da 14. Wutar da ta wuce kima tana lalata wasunsu a hankali, kwamfuta ta riƙa tsayawa cak. Gyaran 2024 yana hana ɓarnar, amma ba ya farfaɗo da wanda ya riga ya lalace. Wannan sai musanya.

Mazaunin AM5 na AMD, wato gurbin da ake dasa firosesa, yana karɓar sabon firosesa ba tare da sauya babban allo ba.

Ma'aikata mai kwamfutoci barkatai a rassa ta fi amfana da fasahar Intel vPro, domin ana iya gyara na'ura daga nesa ko Windows ta ƙi tashi. Ƙaramin ofis mai son ƙara ƙarfin na'urorinsa sannu a hankali, Ryzen PRO na AMD mai hawa AM5 ya fi masa.