Farin khal a kan funfunar kabad ɗin katakon sida: ya yi aiki, amma da sharaɗi

Ba wani magani na musamman nake yabo ba, farin khal ne na girki, wanda aka rubuta ƙarfin tsaminsa kashi 5 cikin 100 a jikin kwalbarsa. Da shi na yaƙi funfunar da ta yi fari-fari a kusurwar ƙasa ta kabad ɗina, ɓangaren da ke jingine da bangon banɗaki.

Katakon sida, wato al'ul, da gangan ake barinsa babu fenti babu fanish, don ƙamshinsa ya riƙa fita yana korar asu. To katakon da ba a rufe ba kuwa shan ruwa yake yi, ga shi da laushi. Shi ya sa na kauce wa bilic: yana kashe jan launin nan mai kyau, ya bar wurin fari fat da kaushi. Kuma kada wanda ya kuskura ya haɗa bilic da khal, iskar da ke tashi guba ce.

Na kwashe kaya duka, na ɗaura takunkumi, na zuƙe garin funfunar da injin shara. Khal ɗin a tsumma na zuba, na matse har ya daina ɗiga, sannan na bi tsawon jijiyar katakon ina gogawa. A nan sirrin yake. In ka fesa har ya jiƙe sharkaf, katakon zai kumbura, ka kuma ƙara wa funfunar laimar da take nema. Bayan kamar awa guda na sake bi da busasshen tsumma, na kunna fanka a bakin ƙofa ta kwana tana kaɗawa.

Farar funfunar ta tafi tas, launi bai gushe ba. Warin tsamin dai sai haƙuri, ya ɗan daɗe kafin ya bar kabad ɗin.

Inda khal ya gaza shi ne baƙaƙen ɗigon da suka riga suka nutse cikin katakon. Ko gezau. Sai da samfefa mai laushi, lamba 220, ta shiga bayan wurin ya bushe ƙayau, ita ce ma ta dawo da ƙamshin sidan kamar sabo. Soson ƙarfe kam a ajiye shi nesa, domin ƙarfe in ya haɗu da khal a kan sida baƙin tabo yake bari. Kan ƙusoshi ma a tsallake su.

Zan sake amfani da shi? Ƙwarai. Amma khal ba ya toshe bututun da ke yoyo a cikin bango, nawa sai da mai gyaran famfo ya zo. Yanzu akwai ƙaramin ma'aunin danshi a ciki, da na ga ya doshi kashi 60 sai in buɗe ƙofar in kunna fanka.