Ya koya min sunayen kaya, ya cinye min fim guda

Tauraro biyu na ba wannan ɗan littafin mai bayanin kalmomin Turanci na wankin hoto, kuma da a ranar da abin ya faru na zauna rubutu, ko ɗaya ba zai gani ba.

Duk wanda ya tsunduma harkar wankin hoto irin na da ya san kwalaben sinadarai da takardunsu da Turanci suke zuwa, Turancin ma ba irin na aji ba. Ka ga "developer" ka zaci mai gina gidaje ne, ashe ruwan da ke fito da hoto ne. Ka ga "easel" ka tuna masu zane, ashe firam ne mai danne takarda a ƙarƙashin na'urar faɗaɗa hoto. Shi ya sa na sayi littafin: kowane kaya da hotonsa, da sunansa, da bayani layi biyu.

Shafin "safelight" ne ya kai ni ya baro. An zana jar fitila, aka ce haske ne da ake aiki a cikinsa ba ya ɓata kayan hoto. Kayan hoto fa! Ba a ce takarda ba, ba a ce fim ba. Ni kuwa sabon shiga, na kunna fitilata jawur, na ɓalle gwangwanin fim, na zauna a tsanake ina naɗa shi a faifan tankin wanke fim, har ina cewa a raina ashe abin da ake ta zuzutawa bai taka kara ya karya ba. Na auna zafin ruwa digiri 20 cif, na zuba sinadarai uku ɗaya bayan ɗaya, ina duba agogo kamar mai jiran sakamakon asibiti. Da na zaro fim ɗin na ɗaga shi sama, sai gabana ya faɗi. Ya yi duhu tun daga kai har wutsiya, har lambobin gefe sun nutse, mutanen ciki sai inuwa da ƙyar. Hotuna 36. A cikinsu akwai na mahaifina da jikokinsa, mutumin da na shafe wata guda ina lallashi kafin ya yarda ya zauna gaban kyamara.

Sai daga baya na fahimci inda gizo ke saƙa. Takardar hoton baƙi da fari shuɗi da kore take gani, ja bai dame ta ba. Fim ɗin da muke sakawa a kyamara kuwa kowane launi yana kama shi, har da ja, don haka sai a duhu ɗunɗum ake naɗa shi, ko cikin wata baƙar jaka mai hannuwa biyu da haske ba ya shiga. Abin haushin, jakar tana cikin littafin, "changing bag", can wani shafi daban, amma ba wanda ya ce min ga dalilinta.

Don Allah kada na ci haƙƙin littafin. Bayan fushina ya sauka na koma masa, kuma akwai wuraren da ya yi rawar gani. A nan na gane "dodging" tare haske ne daga wani ɓangaren takarda don ya yi haske, "burning" kuma ƙara masa haske ne don ya yi duhu, ba ƙonawa ba. Bayanin "hypo" ma ya burge ni: tsohon sunan sinadarin da ke zaunar da hoto ne, wanda masanin kimiyya John Herschel ya gano a 1819 cewa yana narkar da gishirin azurfa. Har ya ja kunne cewa "hypo clear" wani abu ne dabam, na wanke ragowar "hypo" daga takarda. Na kusa ƙara masa tauraro a nan.

Amma kuma wannan ne ya sake tunzura ni. Wanda ya iya jan kunne a kan wancan, me ya hana shi ƙara kalma biyu a ƙarƙashin jar fitila? Ga shi bai nuna bambancin Turancin Ingila da na Amurka ba. Na daɗe ina neman "spiral" da "dish" a cikinsa, ashe su ne "reel" da "tray", wato faifan naɗa fim da farantin wanke hoto, da na riga na mallaka. Yadda ake furta kalmomin ma ko oho.

Na rubuta wa masu littafin. Amsarsu a taƙaice: na kalmomi ne, ba na koyon aiki ba. To, na ji. Na ɗauki jan biro na rubuta "BANDA FIM" a shafin da manyan baƙaƙe. Jiya ma Baba ya tambaye ni ina hotunan nan, na ce masa suna nan tafe, ina ta tunanin da bakin da zan roƙe shi ya sake zama.