Kulle Unguwa ko Bin Sawun Masu Cuta?

A Agustan 2014 gwamnatin Laberiya ta zagaye unguwar West Point da ke Monrovia da sojoji da waya mai ƙaya domin ta tare Ebola. Talakawa ne aka rufe, waɗanda sai sun fita suke samun na tuwo. Abinci ya yi tsada, aka yi arangama, harsashin jami'an tsaro ya yi ajalin wani yaro. Bayan kwana 10 aka janye shingen, cutar tana nan.

Najeriya ba ta rufe Legas ba. Da Patrick Sawyer, wani matafiyi daga Laberiya, ya shigo da cutar a watan Yulin wannan shekarar, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ita ma ta kamu da cutar ta rasu. Ma'aikatan lafiya suka bi sawun kusan mutum 900 da suka yi hulɗa da masu cutar a Legas da Fatakwal, suna auna zafin jikinsu har kwana 21, kasuwa kuwa tana ci. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu.

Ga Ebola, hanyar Legas na zaɓa, tunda sai alamunta sun bayyana take yaɗuwa. Korona ta fi wuya, domin wanda bai ma san yana ɗauke da ita ba yana iya harbin mutane.