Haɗin biryani na kwali: ƙamshi ya yi, amma aikin yana wajen shinkafa

Asabar ɗin da ta wuce ƙannen maigidana suka zo da matansu, ga ƙawayena biyu, mu 11 ke nan har da Hajiya. Dama akwai kwali biyu na haɗin kayan ƙamshin biryani, wato shinkafa da nama ta Indiyawa, irin na birnin Hyderabad, da na saya a wani kanti a Bompai, sun kusa wata uku a kabad, sai na ce wannan karon dai za a yi ta ta ƙare.

Ina farke ledar ƙamshi ya cika kicin. Kirfa, kanumfari, masoro, da koren hel ɗin nan da Larabawa ke sa wa gahawa, wasu ma ba a niƙa su ba. Ta wannan fannin ba ni da ta cewa, ko ni na zauna da turmi ba zan daidaita su haka ba.

Mutanen Hyderabad hanya biyu suke bi. Ko a shimfiɗa ɗanyen nama a ƙasan tukunya ya dahu tare da shinkafa, ko a dafa naman tukuna. Ta biyun na ɗauka, don ba zan yi gwaji da kilo 2 na naman rago a gaban suruka ba. Tun daren Juma'a na cuɗe shi da kindirmo, citta, tafarnuwa, soyayyar albasa da haɗin, ya kwana a firij. Abin da ya ba ni dariya shi ne rabin abin da kwalin ke nema namu ne na gida. Wai ghee, ashe soyayyen man shanu ne. Zafaran kuwa tsadarsa ta kore ni, na kaɗa kurkum a madara, launi dai ya fito.

Inda na ji haushi gishiri ne. An riga an zuba shi a haɗin, kuma sai can ƙasa da ƙananan rubutu aka faɗa. Hannu ya saba, na jefa dunƙule biyu. Da ƙyar na ceto romon da dankalin Turawa da ƙarin kindirmo. Yajinsa ma ba irin na attaruhu ba ne mai kama harshe nan take, a hankali yake hawa.

Kwalin bai koya miki shinkafa ba, layi biyu kawai ya yi a kanta, alhali a nan biryani ke gyaruwa ko ya lalace. Shinkafar basmati da ake yin sa da ita doguwa ce mai saurin karyewa. Na jiƙa ta minti 30, na zuba a tafasasshen ruwa mai yawa, na tsame tun tana da sauran tauri a tsakiya. Sai jeri: nama, shinkafa, albasa, na'ana'a, man shanu, a sake maimaitawa. Na liƙe bakin murfin da kwaɓin fulawa, na ɗora tukunyar a kan tsohon kasko, wuta ƙasa-ƙasa minti 25. Wannan turarawar suke kira dum. Kada a juya, komai ƙaiƙayin da hannu zai yi.

Da na ɓalle murfin, shinkafa warwar, wata fara wata ɗorawa. Na haɗa da kindirmo mai kokwamba, wanda suke ce wa raita, shi ya kwantar da yajin. Autan su maigida ya tauna hel ya ɓata fuska, ya ce, "Matar Yaya, turare kika zuba mana ne?" Hajiya kuwa ta ci shiru, can ta ce, "'Yar nan, wannan ai dafa-duka ce ta yi boko. Ƙaro min."

Zan sake saya. Amma kwali ɗaya da rabi ya ishi kilo 2, kuma dunƙule ba zai ƙara kusantar tukunyar ba.