Kar ka sayi baka tukuna, fara neman inda za ka yi harbin

Jama'a tun da na ɗora hoton nan nawa ina riƙe da baka saƙonni suka yi min yawa, kowa tambayarsa ɗaya ce, wane baka zan saya kuma nawa ne, har wani ɗan uwa ya turo min hoton wani baƙin baka mai tayoyi ya ce gobe zai tura kuɗi. Na ce masa dan Allah malam dakata. Ni ma haka na yi lokacin da na zo Ingila karatu, na sha kallon finafinan Turkiyya ɗin nan na mahaya dawaki, ga kuma abun da muka taso muna ji a islamiyya cewa harbi sunna ne, Sa'adu bin Abi Waƙƙas shi ya fara harba kibiya saboda Allah, kawai wani dare na shiga intanet na sayi baka mai nauyin ja laba 40 wai ni namiji. Kibiya goma ban harba ba kafaɗata ta ɗauki ciwo, sati biyu ko hula ba na iya sakawa da hannun dama. Toh shi ya sa nake cewa a fara da wajen da za a koya, baka daga baya ya biyo.

Wuraren koyo kusan kala huɗu ne, kuma ba ɗaya suke ba ko a kuɗi ko a abun da za ka samu.

Na farko kulob ɗin harbin allo, wanda shi ne ya fi yawa. A nan Birtaniya yawancinsu suna ƙarƙashin Archery GB ne, ita kuma tana ƙarƙashin hukumar duniya World Archery wadda aka kafa tun 1931, hedikwatarta tana Lausanne a Siwizalan. Tsarinsu shi ne ba za ka zo yau ka ce ka zama mamba ba, sai ka yi kwas ɗin sababbin shiga, yawanci zama huɗu zuwa shida ne, sau ɗaya a sati, su za su ba ka baka da kibau da komai, kai dai ka zo da jikinka, in ka gama su ba ka takardar shaida wadda da ita za ka iya shiga wani kulob ɗin ma in ka canza gari. Ni kuɗin kwas ɗina bai kai fam 100 ba, sai kuma kuɗin shekara wanda a cikinsa akwai inshora. Matsalarsu ɗaya layi, masu koyarwar 'yan sa kai ne ba albashi ake biyansu ba, sai ka sa suna ka yi wata biyu uku kana jira. Da ɗari daga wajen Oktoba zuwa Maris a cikin zauren wasanni ake harbi a nisan mita 18 ko yadi 20, in yanayi ya yi daɗi a fita fili, a can ne za ka ga masu harbin mita 70 irin na Olamfik a kan allo mai faɗin santimita 122, wanda ɗan da'irar maki goma da ke tsakiya santimita 12.2 ce kacal, daga inda kake tsaye kamar bakin kofin shayi za ka hango ta.

Na biyu kulob ɗin daji. Su a cikin bishiyoyi suke zagayawa rukuni rukuni, suna harbin hotunan dabbobi ko gumakan dabbobi na roba, wani a kan tudu wani a gangare, kuma a wasu wuraren ba a faɗa maka nisan, kai za ka ƙiyasta da ido. A nan akwai ƙungiyarsu daban mai suna NFAS. Wallahi wannan ya fi kama da abun da ke ran Bahaushe in ya ce harbi, kamar ka bi maharba farauta ne amma ba jini. Kuma a sani, farauta da baka haramun ce a dokar Birtaniya, kar wani ya ga zomo a filin ya ce ya samu na miya. Illarsa ga sabon shiga ita ce ɓatar da kibau, ga taɓo, ga kuma yawanci wajen gari suke sai mai mota.

Na uku wuraren kasuwanci da ake biya a awa, irin wanda ake zuwa da abokai ko ranar hutun yara. Don ɗanɗanawa ba laifi, ka je sau ɗaya ka ga ko abun ya kwanta maka. Amma a matsayin makaranta gaskiya ban ba da shawara ba, yaron da ke kula da ku mutum goma ne a gabansa, burinsa kar wani ya ji ciwo, ba zai tsaya gyara maka tsayuwa ba, kuma in ka lissafa kuɗin zuwa sau biyar ko shida ka riga ka biya kuɗin kwas ɗin can na farko.

Na huɗu shi ne ka koya da kanka a bayan gida da YouTube. Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan suna Kano ko Kaduna ko Maraɗi ne inda kulob ɗin irin wannan ba kamar na ƙwallo ba ne da za ka samu a kowace unguwa, don haka ba zan ce kar a yi ba. Ai Israel Madaye na Chadi da ya je Olamfik ɗin Paris a 2024 yawancin abun da ya iya da kansa ya koya, ya haɗu da Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu wanda shi ya ci zinaren, har kibiyarsa ɗaya ta samu maki 1 tak, amma 'yan Koriya suka ɗauke shi kamar nasu saboda ƙoƙarinsa. Sai dai kibiya ba wasa ba ce, ko ƙaramin baka na koyo yana iya jefa ta sama da mita 100, kuma gidajenmu ga yara ga awaki ga maƙwabta katanga ɗaya. In za a yi haka a haɗu mutum uku huɗu a samu fili mai shinge da bango ko tudu a bayan allon, a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro, don a halin da ake ciki mutum ya ratsa titi da kwari da baka a kafaɗa neman magana ne. Kuma kar a je a aro kayan maharba a ce da su za a koya, kibiyarsu ta kyauro ce mai kan ƙarfe da ƙugiya, sau da yawa da dafi a jiki, ba a yi ta don a zare daga allo a sake harbawa ba.

In ka samu kulob biyu ko uku kusa da kai, ka je ka tsaya ka yi kallo kafin ka biya, gani ya kori ji. Abun da za ka fara lura da shi usur. A kulob na ƙwarai akwai mutum ɗaya mai kula da layi, busa biyu a matso kan layi, busa ɗaya a fara harbi, busa uku a je a kwaso kibau, kuma in wani ya yi ihu a tsaya kowa zai sauke bakansa ko da ya riga ya ja. In ka ga wani yana tafiya wajen allo alhali wani bai gama harbi ba, ɗauki jakarka ka tafi, ko kyauta ne. Sai ka tambaya ko suna ba da aron baka bayan an gama kwas da kuma na wata nawa, wannan tambayar ita ce ta fi kowacce ajiye maka kuɗi. Ka tambayi ranaku, wani kulob ɗin daren Juma'a ne kawai da safiyar Lahadi, wani kuma mabuɗin fili za su ba ka ka zo duk sanda ka ga dama. 'Yan uwa mata ku tambaya ko akwai koci mace, don gyaran tsayuwa wani lokacin sai an taɓa kafaɗa ko gwiwar hannu, kuma ba laifi ki ce a nuna miki da baki kawai, ni na ga ana yi. Hijabi ba ya hana harbi sam, kawai a ɗaure shi ya kwanta kar tsarkiya ta kama shi a gefen fuska ko ƙirji. Mu ma maza kaftani mai faɗin hannu ba zai yi ba, na gwada ranar wata Juma'a daga masallaci, tsarkiya ta kama hannun rigar kibiya ta tafi allon maƙwabcina.

Toh yanzu maganar bakan kansa, wanda nake so ka yanke bayan ka taɓa kowanne da hannunka.

Rikof shi ne mai lanƙwasa a baki biyu, shi ake koyarwa da shi kusan ko'ina kuma shi ne na Olamfik, wanda matan Koriya ta Kudu suke cin zinaren ƙungiya da shi tun 1988 har 2024 sau goma a jere ba fashi. Kashi uku ne, mariƙi a tsakiya da fikafikai biyu da ake cirewa, ana sa masa saiti da doguwar sandar nan ta gaba mai hana rawa. In ka cire saitin da sandar ya zama tsurar baka, da tsinin kibiya kake auna wa, ya fi araha kuma ya fi sauƙin ɗauka, ni yanzu shi nake harbawa. Kompawun shi ne mai tayoyin, wani Ba'amurke Holless Wilbur Allen ya ƙirƙiro shi aka ba shi haƙƙin mallaka a 1969, daɗinsa in ka ja har ƙarshe tayoyin sai su ɗauke maka mafi yawan nauyin, ka riƙe kana saiti hankali kwance, ka saki da 'yar na'ura mai kunama kamar ta bindiga, ga shi an sa shi a Olamfik ɗin Los Angeles na 2028 a gasar mace da namiji. Amma tsada, kuma in tsarkiyarsa ta samu matsala sai shago mai injin matse shi, wanda yake gida Najeriya ko Nijar ya yi tunani sau biyu, wa zai gyara maka? Sai na gargajiya, dogon bakan Ingila na katako ko gajeren nan na Turkawa da ake ja da babban yatsa da zobe, wanda UNESCO ta sa al'adar harbinsa a jerin al'adun duniya a 2019, akwai ma cibiyarsa a Okmeydanı a Istanbul. Yana da kyau a ido ba ƙarya, amma shi ya fi wuyar samun tsakiya, kuma ba kowane koci ne ya iya jan babban yatsa ba balle ya koya maka.

Ko wanne ka zaɓa nauyin ja shi ne inda mutane ke faɗawa rami. Babba namiji ya fara da laba 20 zuwa 24, mace 16 zuwa 20, kar ka ji kunya. Kocinmu wani dattijo ne ya haura saba'in, ranar da na kawo masa bakana na laba 40 ya ɗaga ya duba ya ce in kai shi gida in ajiye, ya miƙo min na laba 18 irin wanda 'yan sakandare ke riƙewa, raina ya ɓaci wallahi, amma a ranar na fara sa kibiya a rawaya, wato tsakiyar allo. Ba ƙarfin damtse ake ja da shi ba, naman baya ne tsakanin allon kafaɗu, kuma ba sau ɗaya za ka ja ba, zagaye ɗaya na cikin zaure kibiya 60 ne. Lambar da ke rubuce a fikafiki an auna ta ne a jan inci 28, in hannunka ya fi haka tsawo kowane inci yana ƙara maka kusan laba biyu. Tsawon janka kuma ka ware hannuwa a auna daga yatsa zuwa yatsa da inci a raba da 2.5, yawancin manya bakan inci 66 zuwa 70 ne daidai da su. Sannan ido, akwai na dama da idonsu na hagu ne ya fi ƙarfi, irinsu wani kocin zai ce su ɗauki bakan bahago, ka ga in ka riga ka saya kuɗi sun tafi.

In lokacin saye ya yi, ni ra'ayina ka zuba kuɗin a mariƙi mai tsarin ILF na inci 25, don fikafikan kamfanoni daban daban irin su Hoyt da WNS da Samick duk suna shiga, su kuma fikafikan ka sayi mafi araha ko na hannu tunda cikin shekara ɗaya za ka canza su sau ɗaya ko biyu, a kulob ma ana musanye tsakanin mambobi. Kibau ka fara da na alminiyom irin Easton Jazz, kuma ka tambayi kulob kafin ka sayi na kabon zalla, da yawa da ke raba fili da 'yan ƙwallo sun hana su saboda in ta nutse a ciyawa na'urar neman ƙarfe ba ta ganinta. Kar ka sayi kibiya da ka, kowace tana da taurin da ya dace da nauyin baka, kuma gajeriya tana iya zamewa ta soki hannunka. Ƙananan kaya da ba a tsallakewa su ne kariyar hannu, 'yar fatar yatsu, igiyar ɗaura tsarkiya da kwari. Kuma duk baƙon da ya zo gidanka ya ce bari ya ja ya ji, kar ka bari ya saki tsarkiya ba kibiya a kai, haka fikafiki ke tsagewa a fuskar mutum.

Shi kuwa bakan nan nawa na laba 40 yana nan ƙarƙashin gado shekara ta uku kenan, yanzu ina kan laba 30, kocin ya ce wataƙila baɗi in ɗauko shi mu gani.