Wata uku da manhajar lissafin kalori a wayata

Ni tela ne a Ƙofar Ƙaura, wuni nake zaune kan keke. Bayan Babbar Sallah na hau sikeli a wani kemis ya nuna kilo 92, ga tumbi, ga haki in na hau bene. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce ta sauke mini manhajar lissafin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, ta ce, "Yaya, gwada wannan tun hawan jini bai kama ka ba."

Na ba manhajar shekaruna 41, tsawona santimita 172, da nauyina. Da lissafin Mifflin-St Jeor na 1990 take aiki, wato hanyar ƙiyasta kalorin da jiki ke ƙonawa a rana. Ta ce ko kwance na yini jikina zai ƙone kalori 1,795, ta ninka da 1.2 saboda yawan zamana, ya kama wajen 2,150. In na rage 500 kullum, kusan rabin kilo zai riƙa sauka a mako. Wannan ɓangaren ya gamsar da ni, babu alkawarin ƙarya.

Inda ta gaza shi ne abincinmu. Ba ta san malmalar tuwo ba, ba ta san ludayin fura ba. Na rubuta ɗanwake ta kawo mini waken gwangwani. Kuma mu a shago tire ɗaya muke sa hannu da yarana, wa zai auna loma? Dole na sayi ƙaramin sikeli, uwargida tana auna garin da man kafin ta ɗora tukunya.

A nan idona ya buɗe. Shekara da shekaru ina ɗora wa tuwo laifi, ashe mai ne. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4 kacal. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai 120, ni kuwa uku nake kwararawa a ɗanwaken rana, ban da ƙosan safe da sukarin shayin dare. Na mayar da shi cokali ɗaya, na bar tuwona yadda yake, na ƙara tattaki bayan Asuba a zagayen filin wasa na Muhammadu Dikko.

Yau kilo 87 nake, alhamdu lillahi, har na rage wa wandunana ƙugu. Mai ciwon sukari da mai juna biyu su fara ganin likita. Sauran kuwa ku sauke manhajar, amma ku haɗa da ƙaramin sikelin.