Wata huɗu ina aiki da SGD a kan yis ɗin koko

Yis ɗin da nake bincike a kansa daga tulin koko na ɗebo shi, a wata gona da ke bayan garin Kumasi, inda ake lulluɓe 'ya'yan da ganyen ayaba su yi kwana biyar ko shida suna tsami. Kokon cakulan nake nufi, ba wanda muke sha da ƙosai a Aboabo ba.

Malamina ne ya ce in buɗe SGD, rumbun bayanan yis ɗin da ake kira Saccharomyces cerevisiae, wanda ke Jami'ar Stanford a Amurka. Kyauta ne, ko rajista ba sai ka yi ba. Tun 1996 aka gama karanta DNA ɗin wannan yis: kuromosom 16, haruffa wajen miliyan 12, ƙwayoyin gado kusan 6,000. Ka rubuta sunan wata ƙwayar gado, kamar ADH1, sai shafinta ya fito da aikin da take yi, da abin da ke faruwa in an cire ta, da takardun da aka wallafa a kanta. Sunayen ƙwayoyin gado irin YOL086C sun ba ni wahala da farko, ashe adireshi ne: O kuromosom na 15, L hannun hagu.

Inda na yi tuntuɓe kuwa, laifina ne. Yis ɗina yana dunƙulewa ya kwanta a gindin kwalba kamar gasara, na yi mako biyu ina zargin ƙazanta ce ta shiga. Sai da na karanta shafin FLO8 na gane cewa S288C, nau'in yis ɗin da aka gina rumbun a kansa, ɗan ɗakin gwaji ne, kuma wannan ƙwayar gadon a lalace take a jikinsa, shi ya sa ba ya dunƙulewa. Nawa ɗan gona ne, halinsa daban. Rumbun yana da jerin DNA na wasu nau'o'in don kwatantawa, ni ne ban leƙa wurin da wuri ba.

Wani samfurin kuma da na sa a BLAST, manhajar kwatanta jerin DNA ta cibiyar NCBI ta Amurka, wani yis daban mai suna Pichia kudriavzevii ya fito, wannan kam ba hurumin SGD ba ne.

Shafukan rubutu suna buɗewa ko a waya, amma JBrowse, taswirar da ke nuna wurin ƙwayoyin gado a kan kuromosom, tana son intanet mai ƙarfi da babban allo. Yanzu duk jerin da nake buƙata nakan sauke shi a kwamfuta tun da safe, kafin a ɗauke wuta.